Jan Babur a Zaure

Shekarar da aka hana hawa babur a Maiduguri, a shekarar na sayi sabo, kuma da murnata na saya.

Tsohon ya gaji da kai ni Kasuwar Kwastam daga Maisandari, sai na sayar da shi, na haɗa da ragon da nake kiwo domin Layya. Na daɗe ina zaɓe kamar mai neman aure. Wannan kujerarsa ta yi tauri, wancan kukansa bai yi mini ba. Daga ƙarshe na ga wani ja mai faɗin kujera, wanda zai kai ni shago, ran Lahadi kuma ya ɗauke ni da maiɗakina zuwa Gwange gaida surukai.

Maƙwabcina Ba Modu ya ce, "Malam, ka ɗan dakata. Ana cewa za a hana babur saboda masu harbi a kansa."

Na yi dariya na ce, "Haba Ba Modu, garin nan gaba ɗaya a kan babur yake. Wa zai iya sauke shi?"

Na kawo shi gida, na rubuta addu'ar hawa da ajami na manna a tanki, yara suna ta shafawa. Ko lamba ban karɓo ba rediyo ya sanar da dokar.

Na jingine shi a zaure, na rufe da tabarma, na ce Allah ya sa haka shi ne alheri. Layya ta zo, ba rago.

Har yau in na fito neman keke napep, Ba Modu zai leƙa zauren, ya sassauta murya ya ce, "Malam, ya mai jiki? Har yanzu yana kwance?"