Rasuwar 'Yar Ɗorawa, Mitar da Ta Kusa Gama Digiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, iyalan gidan Malam Sabiru mai lambu da ke Ƙofar Baru a Daura suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar mitarsu ta auna wutar lantarki, wadda aka fi sani da 'Yar Ɗorawa saboda launin rigarta. Ta rasu ranar Litinin bayan sallar la'asar, a bakin rijiyar lambu, tana tsakiyar aiki. Ta bar duniya tana da shekara takwas, kuma bakwai daga ciki a jami'a ta yi su.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ta hannun Ya'u, babban ɗan Malam, wanda ya ajiye boko a aji huɗu na sakandare saboda, in ji shi, benci yana cizon sa. Kafin ya haɗu da ita ya taɓa acaɓa, ya taɓa ɗinki, ya sayar da ƙanƙara, ya bi motar shanu zuwa kudu sau biyu, ya yi wata uku wurin mai walda ya gudu. Babu sana'ar da ta riƙe shi damina biyu. Wata Laraba ya shiga shagon Okechukwu mai kayan wuta neman batirin tocila, ya tarar da shi yana taɓa jikin wata matacciyar fanka da wayoyi biyu, ja da baƙa, wani ɗan akwati a gefe yana kuka, tiiit. Ya'u ya tambayi abin da mitar take cewa. Okechukwu ya ce cewa take hanyar wuta lafiya lau take a nan, a nemi ciwon a gaba. Ya'u ya ja kwali ya zauna, bai tashi ba sai da aka gano ciwon. Da ita ya koma gida. Tun daga nan ya zama mai gyaran fanka da rediyo da caja, kuma Inna Rabi, mahaifiyarsa, ta daina tambayar mutanen tasha ko sun ga wucewarsa.

Shekara guda bayan haka ƙanwarsa Hasana ta sami gurbin karanta injiniyancin lantarki. A zangon farko ta bugo waya ta ce su saba'in ne a aji, mitocin ɗakin gwaji kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kafin layi ya zo kanta lokaci ya ƙare. Ya'u ya kwana biyu yana kallon 'Yar Ɗorawa, sannan ya naɗe ta cikin tsohon zanen Inna ya miƙa wa Sama'ila direba. Haka ta fara karatu. Ta yi ta kaiwa da komowa a motar nan, tsakanin ƙullin kuka da daddawa da gwangwanin man shanu, har ta mutu tana ɗan ƙamshin miya. Duk sanda take makaranta Ya'u da bayan yatsa yake gwada waya, kuma wuta ta ja shi sau da dama, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaida ba ta ƙarya. Ba ta san babban mutum ba. An taɓa kai ta gidan wani attajiri da ya rantse sabon batirinsa daga waje aka kawo, ta taɓa shi ta ce babu komai a ciki. Idan an kawo rabin wuta, rabi take cewa. Ita ce kuma alƙalin gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin wa da ƙanwa. Hasana za ta cika shafi huɗu da lissafi ta fitar da amsa, Ya'u ya ɗora wayoyi biyu ya leƙa.

"Injiniya, littafinki ya ce sha biyu, mutuniyar ta ce tara da rabi."

"Yaya, bakin wayarka ne ya yi tsatsa. Kankare ka sake."

Wani lokaci tsatsar ce, wani lokaci lissafin ne. Ko wanne ne, sai Hasana ta zaunar da shi ta zana masa dalili a bayan kwalin ashana ko a ƙasa da tsinke. Abin da ya gudar wa a benci ya zo ya same shi a kan tabarmar zaure.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri. Karatun shekara biyar aka ce mata, ya zama bakwai. Ta zauna gida a yajin aikin malamai har gero ya yi kai aka girbe, aka koma, aka sake dawowa. Ta raka Hasana maimaita kwas ɗin da ya kayar da rabin aji. Ta yi wata shida a wata masana'antar robobi a Kano wurin koyon aiki, inda ta faɗo daga kan tsani gilashinta ya tsage. Daga nan da kyauron roba ake ɗaure ta. Baƙar wayarta an liƙa ta da dalma har ba a san sau nawa ba. A 'yan shekarun nan sai an ɗan mare ta a baya kafin ta farka, kuma kukanta ya dushe, tiiit ɗin ya koma kamar na ɗan tsakon da ya sha ruwan sama. Ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Ajalinta ya zo ne a kan aikin kammala digirin Hasana. Famfon sola na lambun Malam ya ƙone har sau biyu, domin idan ruwan rijiya ya ja baya yakan ci gaba da juyi a bushe. Hasana ta ƙera wata 'yar na'ura da za ta kashe shi da kanta idan ruwa ya yi ƙasa. Ita ta zana, ita ta yi lissafi, Ya'u ya riƙe mata ƙarfen dalma ya ƙona yatsu. Na'urar ta yi aiki. Abin da ya rage shi ne jadawalin awo na babi na huɗu, wanda malaminta ya ce dole a ɗauko shi a bakin rijiyar gaske, kuma ranar Talata mai zuwa za ta tsaya gaban malamai ta kare aikin.

Ga wanda bai san jikin marigayiyar ba: ramuka uku ne a ƙirjinta. Baƙar waya tana da nata. Jar waya kuwa, idan ƙarfin wuta za a auna akwai raminsa, idan yawan wutar da ke wucewa ne akwai nasa daban. A wannan rami na biyun, mita buɗaɗɗiyar hanya ce, duk abin da ya zo ta cikinta zai bi. Ranar Litinin, rana ta dafa su tun hantsi, saura layi biyu jadawali ya cika, Hasana ta gama auna wutar da ke wucewa, ta rubuta, ta murɗa kan mita zuwa ƙarfin wuta, ta manta jar waya a inda take. Ta ɗora a kan manyan batura.

Marigayiyar ba ta yi doguwar jinya ba. Tas! ta ce, sau ɗaya. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen gilashi. Ya'u ya mare ta a baya kamar kullum, ya sake, ya sake. Ba ta farka ba.

Ta rasu ta bar wayoyi biyu, ja da baƙa, jar ta ƙone a baki. Ta bar ƙarfen dalma, abokin zamanta, da filaya mai hannu ɗaya, da fankoki goma sha ɗaya na mutanen unguwa da ke jingine a shago suna jiran a faɗa musu ciwonsu. Ta bar jadawali mai layi biyu babu komai. Ta bar Malam, wanda har yanzu bai gane abin da ya mutu ba tunda famfonsa na aiki. Ta kuma bar Hasana.

Hasana ba ta yi kuka ba, wannan ne ya fi tayar wa Inna hankali. Ta naɗe wayoyin a hankali, ta rufe littafi, ta ce, "Shekara bakwai, Yaya, ban san ramin da ake sa waya ba. Me zan je in ce musu?" Tun ranar ba ta taɓa na'urar ba. Ta tura jakarta ƙarƙashin gado, ta ɗaura zani ta zauna matsar ƙuli-ƙuli da Inna. Okechukwu ya aiko cewa ga tasa mitar a ɗauka, ta ce a gaishe shi, kada ta kashe masa ita ma. Inna ta lallashe ta, Malam ya yi faɗa, ƙawayenta sun bugo waya har sun gaji. Amsarta ɗaya ce, ta gaji, ba za ta koma ba.

Jiya Laraba Ya'u ya kwance bayan marigayiyar a shago don ya ga abin da ya ci ta, kuma iyalan suna ganin wajibi ne a bayyana sakamakon. A cikin kowace mita akwai ɗan fis, aikinsa kenan ya mutu a madadinta ranar da hannu ya yi kuskure, domin waɗanda suka ƙera ta sun san babu injiniyan da ba ya manta waya a rami. A gurbin fis ɗin 'Yar Ɗorawa babu fis. Wayar tagulla ce a murɗe, sili huɗu. Ya'u ya gane murɗin, nasa ne. Shekara uku da suka wuce fis ɗin ya ƙone a hannunsa a kan irin wannan mantuwar, ranar shagon Okechukwu na rufe, sai ya ɗaure da waya kamar yadda yake ɗaure wa rabin Ƙofar Baru, ya ce gobe zai sayo. Hasana ta taɓa kama shi yana yi wa wata mata haka a gida, ta ce, "Yaya, fis ba ado ba ne." Ya yi dariya ya ce na littafi daban, na Daura daban.

Da fis ne a wurin, da ranar Litinin fis za a canza a cika layi biyun nan kafin magariba. Ya'u ya shiga gida sau uku da niyyar faɗa, sau uku yana tarar da ita a gaban kasko ya tambayi ko akwai ruwan sanyi ya fito. Shi ya sa ya rubuta a nan, inda ya san za ta karanta.

Game da jana'iza, limamin unguwa ya ce ba a yi wa roba salla, don haka babu salla. Za a shimfiɗe marigayiyar a kan bencin zaure ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, bayanta a buɗe, wayar tagullar na nan yadda aka same ta. Tunda mace ce, mace ce za ta duba ta, kuma iyalan ba su san wata mai ilimin haka ba sai Hasana. Daga zaure za a wuce lambu da mitar Okechukwu, wadda ya buɗe a gaban shaidu aka ga fis ɗinta. Ya'u zai riƙe littafi da biro kawai, ba zai taɓa waya ba. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo komai, kuma a daina kawo fanka sai an gama makoki.

Ba za a rufe marigayiyar ba sai Hasana ta fito ta gani da idonta. Idan ba ta fito da bakwai ba za a jira, gawar ba mai wari ba ce. Motar Sama'ila ce ba ta jira. Ƙarfe goma take tashi, kuma an riga an kama wa Hasana kujerar gaba.