Ranar da Murfin Tukunyata Ya Leƙa Aji

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na ɗaga murfin tukunya sama a gaban baƙon da ya zo daga Illela. Har yau in na je rijiya, sai wata ta ƙwanƙwasa bokiti sau biyu ta zuba mini ido, sauran su kwashe da dariya. Na daina fushi. Ni na jawo wa kaina.

Ɗanwake nake sayarwa a lakwal, wato makarantar boko ta garinmu, wani ƙauye da ke gefen Badagishiri, sai ɗan ƙuli-ƙuli da nake haɗawa da shi. Kafin wannan rana ban taɓa shiga aji ba, a zamaninmu ba a kai mu. Wurin zamana kullum ɗaya ne, inuwar bayan ajin 'yan shekarar farko. Ɗakunan siminti na manya ne, su ƙanana rumfa aka yi musu ta zana da kara. Wanda ya san zana kuwa ya san ba ta riƙe sirri. Ina zaune na jingina baya ina jiran a fito rekire, wato hutun cin abinci, duk abin da Madam Zalika ta faɗa sai ya shigo kunnena.

Da haka na haddace makonsu tsaf. Litinin da safe a yi layi a tada tuta, sannan Madam ta bi su ɗaya-ɗaya tana duba farce da bayan kunne (ni ma a ɓoye nakan duba nawa). Talata lissafi ya fi yawa. Laraba rabin rana ce, suna waƙa har awakin maƙwabta su tsaya saurare, ranar ciniki ma ba ya yin kirki don kowa gida yake ɗoki. Sauran ranakun rubutu ne da karatu, Juma'a a share fili a sauke tuta. In Madam ta makara da fara wani abu, ni daga baya nake jin haushi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take yi da allo. Kowane yaro yana da ɗan baƙin allonsa da guntun alli, da ƙullin tsinken kara da yake ƙirga da su. Madam za ta faɗi tambaya, ta jira kaɗan, ta buga tebur da sanda sau ɗaya, kowa ya rubuta. In ta buga sau biyu, kowa ya ɗaga allonsa sama a lokaci guda, ita kuma ta bi da ido ta ga wanda ya samu da wanda ya faɗi.

To, a cikin ajin akwai allo ɗaya da ba ya tashi, kuma na ɗiyata ne, Salame.

Salame a gida ba ta da birki. Tana iya tsare ka da surutu tun daga wanke-wanke har a sauke tuwo. Amma a farkon shekara ta taɓa ɗaga allonta da amsar da ba daidai ba, yara suka yi mata dariya, wani ma ya bi ta da tsokana har gida. Tun daga ranar ta kulle baki. In an buga sau biyu sai ta kife allon a cinya ta sunkuyar da kai. Madam ta lallashe ta, ta canza mata wuri, ta yi duk dabarar da ta sani, a banza. Daga ƙarshe ta kira ni gefe ta ce in abin ya ci gaba haka ba ta da yadda za ta yi, Salame sai ta maimaita aji, don ba ta san abin da ta iya da abin da ba ta iya ba.

Da na gaya wa babanta, bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi in yarinya za ta je ta wuni bakinta a rufe, gara ta bi shi garka ta riƙa taya shi ban ruwan albasa, ko ba komai za ta koyi wani abu. Ya ce a ga ƙarshen zangon nan. Na san mutumina, in ya faɗi abu a hankali to ya riga ya yanke. Wallahi hankalina ya tashi. Ni an hana ni, ga ɗiyata an buɗe mata ƙofa tana neman rufewa da kanta.

Nan ne wayona ya motsa (ku riƙe wannan wayon, shi ya kai ni ya baro). Na ce tunda ina jin darasi kyauta, bari in riƙa yi tare da su, in na koma gida bayan la'asar mu maimaita da ita. Allo ba ni da shi, amma murfin tukunyar ɗanwakena hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, alli yana kama shi sarai. Guntayen alli kuwa ranar shara nake tsinta. Tsinken ƙirga ma ban nema ba, ga ƙuli-ƙuli a roba.

Kada wani ya ce ban iya lissafi ba. Ko daga barci aka tashe ni na san bakwai da biyar sha biyu ne. Amma Madam da Faransanci take faɗa, kuma ni lambobin Faransanci a matsayin waƙa na riƙe su. Sai na jera ƙuli ina taɓawa ina cewa an, de, turwa, inda waƙar ta tsaya nan ne amsata, sai in zana abin da na ga yara suna zanawa. Matsalar ɗaya ce. Hannuna da bakina sun daɗe da sabawa da juna. A gida in muna yi da Salame, sau da yawa sai lissafi ya ƙi fita, sai ta dube ni ta ce na sake cin guda, ta yi ta dariya har da kwanciya a tabarma. A gida ta iya komai, har gyara mini take yi. Amma da safe in an buga sau biyu, allon nan yana kife.

Ni kuwa a bayan zana na zama ɗalibar kirki. In an buga sau ɗaya in rubuta. In an buga sau biyu in ɗaga murfina sama da hannu biyu, har bisa kai, yadda Madam take so. Wa zai gan ni? Daga ni sai kaji. Tun ina yi da wasa har hannuna ya saba, ba ya ma jiran shawarata.

Ranar Litinin ɗin makon da abin ya faru ban je ba, na tafi barkar haihuwa. Abin da ban sani ba shi ne, direkta, Mushe Isufu, ya samu labari konseye zai zo, wato wanda yake zagayawa yana duba aikin malamai. A zuwansa na baya ya yi ƙorafi cewa rumfar ƙanana ta yi duhu. Sai direkta ya sa aka yanka taga a zanar baya don haske ya shiga. Ina aka yanka ta? Daidai bisa kaina.

Talata na zo a makare, tukunya a ka, ina sauri. Na ga babur baƙo a gindin bedi, ban kawo komai a raina ba. Na sauke kaya, na juya baya na zauna a wurina, ko ɗaga ido ban yi ba. Na dai ji ajin ya yi tsit fiye da kullum, muryar Madam kuma ta ɗan canza, tana fitar da kalma ɗaya-ɗaya. Na ce yau Madam da gaske take, bari in natsu.

Ta ce set da senk, wato bakwai da biyar. Na jera ƙulina. Tana ba yara lokaci su ƙirga, ni kuma ina jira, ban karya kumallo ba, sauran kun riga kun sani. Na taɓa, na rera, waƙar ta tsaya a onz, sha ɗaya ke nan. Aka buga sau ɗaya, na zana sanduna biyu a tsaye, kyawawa, har ina yaba kaina. Aka buga sau biyu.

Na ɗaga.

Can na ji wani yaro ya yi ƙiƙi, wani ya kama, sai ajin gaba ɗaya ya ɓarke. Ni kuwa ina riƙe da murfi sama, don ƙa'ida ba a saukewa sai Madam ta ce. Har ina jin tausayin yaron da ake wa dariya, ina cewa a raina yaran nan ba su da kirki. Sai na ji muryar namiji dab da kaina, da Hausa, yana cewa mai babban allon nan na waje ya shigo a gan shi.

Na ɗaga kai. Ga taga, ga fuskar mutum da tabarau yana leƙo ni, ga hannuwana biyu da murfin tukunya a tsakiyar tagar.

Na so in gudu. Wallahi na duba hanyar gonaki. Amma wa zai bar tukunyar ɗanwake cike? Na tattara ƙulina a gefen zane, na zagaya na shiga, ina rufe fuska da mayafi, murfi a hammata. Madam Zalika ta tsaya da sanda a hannu, ba ta san ko ta yi dariya ko ta yi kuka ba, don ranar aikinta ake dubawa. Direkta yana bakin ƙofa yana goge zufa. Yara kuwa duk abokan cinikina ne, babu wanda bai san ni ba, wasu har da buga ƙafa a ƙasa. Na hango Salame a tabarmar gaba, allonta a kife, idonta a kaina.

Konseye mutum ne mai fara'a, wannan ma ya ƙara mini kunya. Ya tambaye ni tun yaushe nake aji, na ce tun da aka girbe gero. Ya karɓi murfin ya duba, ya ce rubutun ya fita, amma amsar ba ta yi ba, in nuna yadda na yi. Na durƙusa a gaban 'ya'yan cikina, na zube ƙuli a ƙasa, na shiga taɓawa ina rerawa. An, de, turwa. Na sake tsayawa a onz. Na sake farawa, na sake tsayawa nan. Dariya ta ƙaru. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai wata 'yar murya ta fito daga tabarmar gaba.

"Inna, kin ci guda."

Madam ce ta fara juyawa. Ita ta fi kowa sanin muryar da ba ta ji ba tun farkon shekara. Salame ta tashi, ta zaro tsinke ɗaya daga ƙullinta, ta zo ta ajiye kusa da ƙulina. Ta ƙirga da ƙarfi, da Faransanci, tun daga farko har duz, wato sha biyu. Sannan ta koma ta ɗauko allonta ta ɗaga sama da hannu biyu. Ashe amsar tana rubuce a jiki tun ɗazu, daidai, a kife a cinyarta.

Ajin ya sake fashewa, har da konseye, sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, ga kunya ga daɗi, na rasa wanda zan fara ji. Madam ta juya baya kamar tana goge babban allo, amma na ga kafaɗarta tana motsi.

A hanyar gida na tambayi Salame me ya buɗe mata baki yau. Ta ce ta ga an yi mini dariya fiye da wadda aka yi mata, kuma ban mutu ba. Ta ƙara da cewa in na sake cin lissafi a gaban mutane ba za ta taimake ni ba.

Labari ya riga mu isa gida. Babanta yana wanke ƙafa a bakin randa, ya dube ni ya dubi murfin, ya ce ya ji yau gidansa ya tura ɗalibai biyu, ɗaya ta ci, ɗaya ta cinye. Maganar garka bai sake tayar da ita ba. Salame ta wuce aji, kuma yanzu Madam ƙorafi take yi cewa ba ta barin kowa ya amsa.

Ni ma ba a kore ni ba. Direkta ya ce in ci gaba da sayar da ɗanwakena, sai dai in daina ɗaga murfi lokacin darasi don yara ba sa natsuwa. Madam kuma ta ce tunda Laraba da yamma aji babu kowa, in zo ta nuna mini da kyau. Na je ni kaɗai, sai maƙwabciyata ta biyo ni wai rakiya, yanzu tabarma ba ta isar mu. Har waɗanda ke ƙwanƙwasa mini bokiti a rijiya, wasu a gefena suke zama.

Abin da na koya, in za ka zauna a wurin da ka saba, ka ɗan ɗaga kai tukuna ka ga ko an yi taga. Kuma Larabar da na fara zuwa darasi, abu na farko da Madam ta yi shi ne ta karɓe robar ƙulina, ta miƙo mini tsakuwa.