Faranti Na Bakwai

Ranar Talata, ƙarfe goma na safe, shekarar da aka fara Shari'a, na tsaya gaban shugaban sashenmu na koyar da noma a Ƙauran Namoda, ina ji da kaina. Na soke jarrabawar hadda, na jera hatsi a faranti goma, ɗalibai suka rubuta sunan kowanne. Na bakwai ya kayar da ajin kaf: ni na ce gero ne, su suka rubuta maiwa.

"Ranka ya daɗe, haka ake tace ɗalibai," na ce.

Ya murza ƙwayar a tafinsa. "Malam, 'ya'yan manoma ne fa. Maiwa ce."

An mayar musu da makinsu. Har yau da tsarina ake jarrabawar, amma in an kawo fura ofis, ni ake fara miƙa wa in tantance hatsin.