Sifirit Ɗin Kaka Ya Bi Iska

"...da hutawa, amarya mai haƙori biyu!"

Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana zaune a bakin gado, ta miƙe ƙafar da ƙusa ta yanka. Ta riga ta rantse ba mai kai ta asibiti, shi ya sa jikanta, ɗalibin kimiyya da take kira Ango, ya sayo mata sifirit jiya don wanke ciwon.

"Riƙe gaisuwarka. Jabu ka sayo mini. Na juye shi a faranti don in ji daɗin tsoma auduga, gari ya waye faranti ƙaf!"

"A faranti? Ai ke kika sallame shi, ya bi iska."

"Ƙarya kake! Ga ruwa can a kwano tun jiya, me ya hana shi bin iskar?"

"Ruwa ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ta damƙe na kusa da ita gam. Sai zafi ya kai digiri ɗari yake tafasa. Na sifirit riƙonsu sako-sako ne, a saba'in da takwas sun watse. Ko ba wuta ma sulalewa suke yi."

"Ashe danginka ne. Ba a gama gaisawa ba ka ɓace. To mai fa, malam sarkin sani? Ruwa ya gama haukansa a tukunya, shi ko gezau."

"Nasa ƙwayoyin dogaye ne, sun nannaɗe juna, ga nauyi. Irinki ke nan, sai da mota ake ɗaga ki."

"Motar ta zo ta gani!"

Ta ja zane za ta rufe ƙafar, amma ya riga ta. Ya ɗora bayan hannunsa a kan kumburin. Kaka ta cije leɓe, ta ga fuskarsa ta sauya. Ita ma ta san ƙafar ta hana ta barci.

"Wannan ta kusa tafasa," in ji shi a hankali. "In aka yanke ta, sakin ki zan yi. Ba na zama da mai ɗingishi."

"Ka sake ni? Da wannan wuyan naka kamar muciya, wa za ta kwashe ka?"

"Layi suke yi."

"A gidan mahaukata!"

Bai saki ƙafar ba. Kaka ta harare shi, ta harari farantin, sai dariya ta ƙwace mata.

"Miƙo mini mayafina, ɗan nema. Ba don maganarka zan je ba. Likitan zan duba, in ya fi ka kyau in canja miji."