Noman da Ba a Sa Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko bayan takaba ba, ko da yake na so in manta. ('Yata Hadiza ce ke rubuta mini, tun ban fara ba take dariya.)

Jegon Hadiza ne ya kai ni Kuala Lumpur, annoba ta rufe hanya. Ina can mijina Malam ya rasu a gida, ko gawarsa ban gani ba. Mutumin da muka tsufa muna noma gona ɗaya! Har yau in na tuna sai hawaye. A bene na yi takaba, a unguwar Sri Petaling, ƙafata ba ta taka ƙasa ba.

Da aka sassauta kulle, Hadiza ta kai ni lambun da take binciken karatunta, inda ake renon tsirran tsibirai da suka kusa ƙarewa. Da ƙyar aka yarda ta shiga da ni. Ta zaunar da ni a benci ta ce, "Inna, kallo kawai."

Ina zaune sai na hango wata bishiya mai fure, wasu 'yan ciyayi marasa fasali sun cika gindinta. Malam ba ya wuce ciyawa a gonar kowa bai tuge ba. Na ce bari in yi, Allah ya kai masa ladan. Na durƙusa na tuge su tas, na jera a gefe. (Akwai ɗan allo a kafe a wurin, amma ni da rubutu sai kallo.)

Sai ihu: "Makcik! Tak boleh!" Wato, "Goggo! An hana!" Mai kula da lambun ce, wata Bamaleshiya, da ayarin baƙi a bayanta, ta kawo su ganin ciyayin nan.

Hadiza ta iso a guje. "Inna! Don su aka yi wurin nan! Bishiyar inuwa kawai take musu. In aka karɓe izinina, karatuna ya tsaya."

Ranar na gode wa takunkumin fuska, ya rufe mini rabin kunya.

Na ce, "Ki ce mata ta ba ni ruwa." Malam ya koya mini ba a tsinke ciyawa, da saiwarta ake cirowa, don haka saiwoyin na nan lafiya. Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya kamar dashen albasa, matar na tsaye a kaina.

Aka ce hukunci sai an ga abin da ya tashi. Hadiza ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Biyu suka mutu, sauran suka miƙe, aka bar mata izininta.

Na koyi cewa ciyawar wani gari 'yar gata ce, har da mai tsaronta. Yanzu in na je, hannuwana cikin hijabi suke zama. Ladan kuwa, Malam, ban san ko ya isa ba. In ya isa, a cire na biyun nan.