Ranar da Na Haramta Jifa da Hagu

Lokacin kullen korona na kalli besbol a waya har na ɗauki kaina masani. Da abokan karatunmu suka shirya wasa a unguwar Abu Hamour, gab da gasar kofin duniya, ni na miƙe na ce zan yi alƙalanci.

Sai aka haɗa mai iya jifa da kowane hannu da mai iya dukan ƙwallo ta kowane gefe. Mai jifa ya koma hagu, mai duka ya sauya gefe. Mai jifa ya dawo dama, mai duka ma ya sake sauyawa. Aka zuba mini ido.

Ashe doka cewa ta yi mai jifa ya fara nuna hannun da ya zaɓa. Ni ina na sani? Na gyara murya na ce, "Khalas, shi ke nan, da dama za ka jefa. Wa ya koya maka miƙa wa mutane abu da hagu?"

Mai jifan ya tsaya yana duban hannunsa, baki buɗe. Abokina Sani, ɗan Zangon Kumasi, ya dafe kai.

Har yau in Sani zai miƙo mini shayi sai ya dakata: "Ranka ya daɗe alƙali, wane hannu doka ta yarda?"