Karsanata Ta Hau 'Yar'uwarta

Abubuwa da yawa sun wuce ni a duniyar nan, amma ba zan taɓa mantawa da abin da karsanoni biyu suka jawo mini ba. Bayan rasuwar maigidana, su ne abin da ya rage mana ni da yara a Tudun Wada, sunansu Fara da Ja. Da can shi ke kula da su, ni iyakata zuba dusa. Duk burina su haihu a shekarar, in samu abin yi wa babbar 'yata Hadiza kayan ɗaki.

Wata safiya ina shara, sai na ga Fara ta ɗaga ƙafafu ta haye bayan Ja. Na yar da tsintsiya ina salati. A satin nan kuma malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta gama ja mana kunne kan maɗigo, wai mu sa ido kan 'ya'yanmu mata. Ni da nake sa ido a ɗaki, ashe ta turke abin zai ɓullo mini!

Ban faɗa wa kowa ba. Na raba su, na kai Ja can bayan rumbu na ɗaure. Na yi tofi a ruwa na ba su. (Har nasiha na yi wa Fara, Allah ya yafe mini, tana kallona tana tuƙa.) Suka daina cin harawa, wannan ta yi kuka, waccan ta amsa. Suka rame, ni ma na rame.

Ranar ɗaurin auren 'yar maƙwabciyarmu, tsakar gida cike da mata ana tuƙin tuwo, sai ga Dada Hajjo, tsohuwar da ke kawo mana nono daga rugar Falgore. Na ja ta gefe na raɗa mata. Na manta kunnenta ya yi nauyi.

"Me kika ce, 'yar nan? Ɗaga murya!"

Na ƙara kaɗan.

"Karsanarki ta hau karsana? Shi ne kike tsoron maɗigo suke yi?"

Muciya ta tsaya a tukunya. Har uwar amarya sai da ta leƙo.

"Kayya!" in ji Dada. "Barbara suke nema! Haka shanu ke nuna wa mai su lokaci ya yi. Kin kai su wurin bijimi?"

Na ce a'a, raba su na yi.

"Kin raba su? Tun suna maruƙa tare suke kwana, wannan ta lashe waccan. Ko ke aka raba ki da wadda kika shaƙu da ita, tuwo zai shiga?"

Wata daga bakin murhu ta ce, "Maman Hadiza, kin dai yi musu wa'azi ko?" Na yi shiru, shirun kuwa ya tona ni. Dariyar da aka yi, har maza a waje suka aiko a ji lafiya.

Da yamma na kwance Ja na mayar da ita. Ta kai wuya, Fara ta hau lasarta, suka sa kai cikin kwano ɗaya. Sai dai ramar ta riga ta ci su, ko da aka kai su wurin bijimi ba su ɗauka ba. Shekarar ta wuce babu ɗan maraƙi, aka ɗaga bikin Hadiza.

Yanzu in na ga abin da ban gane ba, ko a dabba ko a mutum, tambaya nake fara yi kafin in ɗauko igiya. Kuma ina fara duba lafiyar kunnen wanda zan tambaya.